In Ɓera da Sata, Daddawa ma da Wari

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu, daga Legas zuwa Ibadan, daga Benin zuwa Fatakwal da Nsukka, yau ina da magana da ku, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Maganar ɓera ce. E, ɓera. Kar ka yi dariya ka wuce, domin ɓeran nan yana cinye mana kuɗi, yana neman haɗa mu faɗa da mutanen da muke zaune lafiya da su, kuma a wasu jihohin da muke karatu yana iya kai mutum kabari.

Yadda abin ke faruwa kowa ya sani. An ba da hutu ko an tafi yajin aiki, sai mutum ya faka motarsa a bayan hostal ko gindin wata bishiya, ya lulluɓe ta da tamfol, ya nufi tasha sai gida. Bayan wata biyu ko uku ya dawo, ya murɗa makulli, shiru kake ji. Ko kuma ta tashi, amma duk fitilun gaban direba sun kama kamar gidan biki. A ɗaga bonet, sai ga wayoyi a tsintsinke. Daga nan sai guruf ɗinmu na WhatsApp ya ɗauki zafi. Wannan ya ce hassada ce. Wancan ya ce dama 'yan garin nan ba sa ƙaunar ganin ɗan Arewa da mota. Wani ya ce mai gadi ne ya haɗa baki da ɓarayi. Wani ma ya ce jifa ne, a nemo malami. Kafin magariba an gama yanke wa mutanen unguwa guda hukunci, amma babu wanda ya sunkuya ya leƙa cikin injin da fitilar wayarsa.

Wannan ɗabi'a ce nake faɗa da ita. A mafi yawan lokuta wanda ya yanke maka waya ba shi da ƙabila, ba shi da addini, bai san daga wace jiha ka fito ba. Yana da ƙafa huɗu da wutsiya, kuma kai ne ka gayyace shi.

Ban ce ba a yin ɓarna da gangan ba. Ana yi, ana kuma satar batir da madubi da ƙwaƙwalwar mota a ko'ina a ƙasar nan. Amma bambance aikin wuƙa da aikin haƙori ba sai ka je makaranta ba. Wuƙa ko filaya tana yanke waya tas, baki ɗaya, a wurin da hannu ke kaiwa. Ɓarawo kuma ɗauka yake yi, ba ya ɓata abu ya bar maka shi. Ɓera kuwa gwaguya yake, za ka ga robar wayar a kankare, bakin a ɓarɓaje, jan ƙarfen a waje, sau da yawa a wani lungu da ko hannun yaro ba ya shiga. Duba kan batir da saman injin, za ka ga kashinsa baƙi-baƙi kamar ƙwayar shinkafa. Za ka ga ɓawon gyaɗa, ƙashin kifi, guntun leda da soso da takarda an tara wuri ɗaya. Za ka ji zarnin fitsari. Idan ka ga waɗannan, malam, ka janye zargin da ka yi wa bawan Allah, ka je ka ba shi haƙuri in har ka furta.

Ina nanata wannan ne saboda mun san matsayinmu a nan. Mu baƙi ne, mu kaɗan ne, kuma mun san yadda ƙaramar magana ke zama babbar fitina idan aka saka mata rigar ƙabilanci. Mu da muke kukan ana yi mana kuɗin goro, ana ɗora wa kowane ɗan Arewa laifin da bai ji ba bai gani ba, bai kamata a same mu muna yi wa wasu irin wannan a kan aikin ɓera ba. Mai gadin da ka zarga yau shi ne zai buɗe maka ƙofa gobe da ƙarfe ɗayan dare idan ɗan ɗakinku ba shi da lafiya.

To me ya haɗa ɓera da wayar mota? Ba cin ta yake don yunwa ba. Haƙoran gabansa ba sa daina girma har ya mutu, dole ne kullum ya samu abin da zai gwaguya. Roba, soso, tiyo, katako, duk abin da ya tarar a hanyarsa. Abin da ya kawo shi cikin motar kuma abu uku ne: wurin ɓuya, ɗumi, da abinci a kusa. Injin mota wuri ne mai duhu, ruwan sama ba ya shiga, mage ba ta iya bin sa ciki, shaho ba ya ganinsa. A Kudu inda damina ke daɗewa, ruwa ya cika ramuka da kwatoci, busasshen wuri irin wannan a wurin ɓera ai gidan sama ne. Ƙaramin ɓera yana iya kutsawa ta kafar da fensir zai shiga. Yana hawa ta taya, ya bi ta ƙasan injin, ya shige akwatin tace iska, ko ya bi ta hanyar da iska ke shiga cikin mota a ƙasan gilashin gaba ya sauka kan fankar da ke bayan ɗan akwatin gaban fasinja. Sosan da ke manne a cikin bonet da na ƙarƙashin kujera su ne katifarsa.

Akwai masu cewa laifin kamfanonin mota ne, wai yanzu da waken soya ake yin robar waya shi ya sa ɓera ke so. Gaskiya ne a Amurka wasu masu motoci sun kai Toyota da Honda ƙara a kan wannan zargi, kuma Honda na sayar da wani tef mai sinadarin barkono da ake naɗe waya da shi. Amma kar wannan ya zame mana mafaka. Tun kafin a fara wannan magana ɓera ke cin wayar mota, kuma tsohuwar Golf ɗinka ko Corolla 'yar Kwatano da ta girme ka ba ta tsira ba.

Yanzu mu zo kan daddawar. Wa ya kira ɓeran? Mu faɗa wa juna gaskiya. Mu ne masu dawowa daga gida da buhu: kilishi, ƙuli-ƙuli, dambun nama, garin kunu, kuka, kuɓewa busasshiya, yaji, da ita daddawar kanta. Iyayenmu mata sun haɗo mana don kar mu sha wahala, Allah ya saka musu. Amma sai ka ga mutum ya mayar da but ɗin motarsa sito, wai don kar 'yan ɗaki su cinye masa. Ka ɓoye wa abokinka, ka ba ɓera. Mu ne masu cin tsire da gurasa a cikin mota mu cusa takardar ƙarƙashin kujera. Mu ne masu faka mota daf da bola saboda nan ne ke da inuwa. Mu ne masu zubar da ragowar indomi da ƙanzon shinkafa ta taga a bayan hostal, daidai inda motoci da babura ke kwana. Idan aka yi walima ko taron ƙungiya, a tara robobin abinci a jikin katanga a watse, sai bayan kwana uku a tuna da su. Sannan a zo ana mamaki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ku ƙara da daɗewar da motoci ke yi a ajiye. A 2020 yajin aikin ASUU ya kai kusan wata tara, ga kullen korona a kai. A 2022 an tafi ranar 14 ga Fabrairu ba a dawo ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, mutane da yawa, har da malamanmu, sun jingine motocinsu sun koma hawa bas, sai ranar Juma'a ko Lahadi ake tayar da ita, wata ma sai ƙarshen wata. Shi kuwa ɓera, cikinsa kusan mako uku ne kacal, yana haifar 'ya'ya da yawa a lokaci ɗaya, 'ya'yan kuma cikin wata biyu sun isa haihuwa. Yi lissafi da kanka. Motar da ta yi wata takwas ba a taɓa ta ba, kaka da uwa da jika da tattaɓa-kunne duk a cikinta aka yi sunansu. Kuma inda ɓera ya yi yawa, maciji na biye da shi. Wanda ya zauna a makarantun da daji ya kewaye ya san ba tatsuniya nake yi ba.

Ɓarnar kuma ba ƙarama ba ce. Motocin yanzu komai nasu waya ce. Waya ɗaya siririya da ke zuwa nozul ko koyil ta tsinke, injin ya fara rawa yana shan mai kamar rami. Ta na'urar birki ta tsinke, fitila ta kama, kai kuma ka ce ai dama haka take yi. Ya huda tiyon ruwa, injin ya yi zafi a tsakiyar hanya. Ya huda tiyon mai, fetur na ɗiga a kan ƙarfe mai zafi. Wayoyi biyu da aka kankare suka haɗu kusa da busasshiyar sheƙa ta takarda da soso, me kake tsammani? Gobara ce. Kuma ka tuna irin tafiyar da muke yi. Daga Legas zuwa Kano kusan kilomita dubu ne. Wanda motarsa ta mutu da daddare tsakanin Okene da Lokoja, ko a dajin da ke tsakanin Jebba da Mokwa, ba maganar kuɗin gyara yake yi ba a lokacin, maganar ransa yake.

Kuɗin gyaran ma fa? Mai rewaya zai kwana biyu yana bin waya ɗaya bayan ɗaya, kuma ba kyauta ba. Idan abin ya taɓa ƙwaƙwalwar motar ko babban damin wayoyin, sai an je Ladipo a Legas ko Gate a Ibadan ko Uwelu a Benin, kuma tun da darajar naira ta faɗi kowa ya san yadda kayan gyara suka koma. Ɗalibin da ke haɗa kuɗin makaranta da aikin Bolt a motar wani, wannan kaɗai ya isa ya raba shi da mai motar, ya raba shi da zangon karatu guda. Na ga motar ƙungiya a wata makaranta, bas ce da aka saya da karo-karon ɗalibai da taimakon iyayen gari, wadda ke kai marasa lafiya asibiti, take kai 'yan uwa tasha. Aka tafi dogon hutu aka bar ta cikin ciyawa da ragowar buhun shinkafar taro a ciki. Da aka dawo, shugabanni suka kira taro suna neman a sake yin karo-karo, suna cewa tsautsayi ne. Babu wanda ya tambayi wa aka damƙa wa makulli. Wannan ba tsautsayi ba ne, sakaci ne da amanar jama'a, kuma ya kamata a kira shi da sunansa.

Duk wannan kuɗi ne, ana iya mayarwa. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne zazzaɓin Lassa. Sunan ma daga gida ya fito: garin Lassa da ke jihar Borno, inda aka fara gano cutar a 1969. Wani nau'in ɓera ne mai nonuwa da yawa ke ɗauke da ita, yana zubar da ƙwayar cutar a fitsarinsa da kashinsa, shi kuma ko a jikinsa. Mutum na kamuwa idan ya ci abincin da ɓeran ya ɓata, ko ya taɓa ƙazantar da hannu mai rauni, ko ya shaƙi ƙurarta. Jihohin da suka fi yawan masu kamuwa shekara da shekaru a rahotannin NCDC sun haɗa da Ondo da Edo da Bauchi, kuma cutar ta fi tashi da rani, daga wajen Disamba zuwa Afrilu. Ba banza ba manyan cibiyoyin jinyarta suke Irrua a Edo da Owo a Ondo da Abakaliki a Ebonyi. Ɗan uwa da ke karatu a Ekpoma ko Akure ko Benin, a tsakiyar abin kake zaune.

Ba kowane ɓera ke ɗauke da ita ba, gaskiya ne. Amma kai da ka ga kashi a kan kujera, ta ina za ka gane na wane ne? Yanzu ka duba abin da muke yi: mutum ya dawo hutu, ya shiga mota, ya rufe gilasai, ya kunna fanka har ƙarshe don ta kore warin. Idan sheƙar tana kan fankar nan, ka hura wa kanka da duk wanda ka ɗauka busasshen kashi da fitsarin wata uku kai tsaye a fuska. Wani kuma ya ɗauki tsintsiya ya share, ƙura ta tashi. Wani ya ga an ɗan ɓalli gefen ƙuli-ƙulinsa, ya karkaɗe ya ci, wai ba a zubar da abinci. Cutar tana ɗaukar kwana 6 zuwa 21 kafin ta bayyana, kuma tana farawa kamar maleriya ko taifod: zazzaɓi, ciwon kai, kasala, ciwon maƙogwaro. Da yawa suna warkewa ba tare da sun sha wahala ba, amma wanda ta kama da ƙarfi tana iya kashe shi, wasu kuma ko sun tashi sai ta bar su da kurumta. Maganin da ake bayarwa ya fi aiki idan an fara da wuri. Saboda haka wanda ya yi hulɗa da ƙazantar ɓera, sannan zazzaɓi ya kama shi ya ƙi jin maganin maleriya, ya daina zaryar kemis. Ya je asibiti, ya faɗa wa likita maganar ɓeran da bakinsa.

Sai kuma ɗaya ɓangaren, masu cewa ai abin mai sauƙi ne, a zuba guba. A nan ma ina da ja. Ka sayi garin guba a hannun mai talla a go-sulo, ba suna, ba takarda, ka barbaɗa a kan kifi ka tura ƙarƙashin kujera. To ɓeran ya ci. A ina zai mutu? A cikin bututun iska, bayan dashbod, inda sai an kwance rabin motar kafin a ciro shi. Wanda ya taɓa shiga motar da ɓera ya ruɓe a cikinta ba ya buƙatar bayani. In kuma ya fita waje ya mutu, magen da ke taimaka mana ta ci ta bi shi, kajin masu gadi su tsattsaga, ga yaran ma'aikata da ke wasa a wurin. Ka kashe mai kama ɓera don ka kashe ɓera ɗaya, riba ina?

Mafi muni su ne masu fesa Sniper a cikin mota su rufe gilasai. Haba jama'a! Sniper maganin ƙwari ne na gona, ba na ɓera ba ne, kuma tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da shi barkatai a shaguna da kasuwanni saboda rayukan da ya ci. Kujerun mota suna shanye shi, gobe rana ta buga, kai da fasinjanka ku shaƙa. Haka masu jefa ƙwayar nan da ake sa wa buhun wake da masara don kashe ƙwari. Wannan ƙwaya iskar guba take fitarwa idan ta ji danshi, kuma a rufaffen wuri tana kashe mutum. Mota ba rumbu ba ce. Don Allah duk wanda ya ji abokinsa na shirin yin haka ya hana shi, ko da za su ɓata.

Akwai kuma dabarun da ba sa cutarwa sosai amma suna sa mutum ya saki jiki: kafur, barkono, man na'ana'a, da 'yar na'urar nan mai ƙara da ake tallatawa a intanet. Wari na iya korar ɓera na ɗan lokaci, amma yana gushewa, shi kuma ɓera yana sabawa, musamman idan akwai kilishi a but. Kafur ɗin ma shaƙarsa a rufaffiyar mota ba alheri ba ne. In za ka yi amfani da su, ka ɗauke su a matsayin ƙari, ba su ne maganin ba.

Maganin ba ya da tsada, ƙwazo kawai yake so. Ga shi dalla-dalla:

1. Kafin ka ajiye mota, kwashe komai. Abinci, takardu, tsumma, darduma, ledoji, har ɓawon gyaɗar da ke tsakanin kujeru. A share ta tas, a duba but da wurin safaya.

2. Zaɓi wurin fakin da hankali. Kan siminti ko kwalta, fili mai haske inda mutane ke wucewa, nesa da bola da kwata da ciyawa da kicin. Gara rana ta dake ta da ɓera ya cinye ta. Tamfol ɗin da ke sauka har ƙasa ɗaki kake gina masa. In dole ne ka rufe, kar ya kai ƙasa.

3. Kafin ka kashe injin, danna maɓallin da ke sa iska ta riƙa zagayawa a cikin mota, domin yana rufe ƙofar da iskar waje ke shigowa. Rufe gilasai ruf. In da hali, ka sa makaniki ya ɗaura ragar ƙarfe mai ƙananan ido a bakin hanyoyin iska.

4. Kar ka bar ta ba mai dubawa. Ka ba wani amintacce makulli, ya riƙa fita da ita sau ɗaya a mako, ya zagaya na minti ashirin, ya canza mata wuri, ya ɗaga bonet ya leƙa. Tayar da ita a tsaye kawai a kashe bai wadatar ba, ɗumi ma ka ƙara masa. Muna da 'yan uwa a Sabo a Ibadan, da Agege da Idi-Araba a Legas, da Aduwawa a Benin, da Ama Hausa a Owerri, waɗanda ba sa tafiya hutu. Zumuncin da muke yi da su ranar Sallah ya kamata ya kai nan.

5. Idan babu mai tuƙa ta kuma za a daɗe, a cire kan batir na baƙar waya. Batirin zai fi daɗewa, haɗarin gobara kuma ya ragu.

6. In ka ga alamar ɓera, tarko za ka sa, irin mai ɗaukewa nan take. Ɗan ƙuli-ƙuli ko tunkuza ya isa. A ajiye a jikin tayoyi da gefen bango, a duba kowace safiya. Tarkon gam yana barin ɓera da rai yana fitsari yana fama, kai kuma ka zo ka ɗauka da hannu, ba shi da kyau ta kowace fuska.

7. Wajen tsaftacewa, buɗe duk ƙofofi iska ta shiga na rabin awa. Sa safar hannu ta roba da takunkumi. Kar ka share a bushe. Haɗa Hypo ko Jik kashi ɗaya da ruwa kashi tara, ka jiƙa kashin da sheƙar sosai, ka bari minti biyar, sannan ka kwashe da takarda ka ƙulle a leda biyu. Kujerun yadi a wanke da sabulu da ruwa. A canza matatar iskar cikin mota kafin a kunna fanka. Ka wanke hannu da sabulu. Abincin da ɓera ya taɓa kuma a zubar, ko na wa ne, ko nawa aka saye shi.

8. Kafin doguwar tafiya, mai rewaya ya duba wayoyi, makaniki ya duba tiyon mai da na ruwa da birki. Kar ka yarda a murɗa waya da hannu a naɗe da leda a ce maka ta yi.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa. Na farko: "Mu da ko keke ba mu da shi, ina ruwanmu da matsalar masu mota?" Ɗan uwa, ɓeran da ya haihu a motar wancan ba a can zai tsaya ba. Shi ne zai ci wayar cajar kwamfutarka ana saura kwana biyu ka miƙa furojet. Shi ne zai shiga janareton da kuka haɗa kuɗi kuka saya, da babur ɗin da kake kabu-kabu da shi. Shi ne zai gwaguye takardar shaidar ƙaramar hukumarka da sakamakon WAEC da ka ajiye a jakar Ghana-mos-go ƙarƙashin gado. Shi ne zai yi fitsari a garin kwakin da za ka jiƙa da daddare. Tsohuwar motar da aka yasar a bayan hostal masana'antar ɓera ce ga duk wanda ke kwana a ginin.

Na biyu: "Laifin hukumar makaranta ne, ba sa kwashe shara, ba sa yanke ciyawa." Wannan gaskiya ne a wurare da dama, kuma ina goyon bayan a rubuta musu, a je ofishin kula da harkokin ɗalibai, a matsa lamba tare da sauran ƙungiyoyin ɗalibai, domin ɓera bai ware 'yan Kudu ba. A nemi a ɗauke matattun motocin da suka shekara a wuri ɗaya, a kawo mazubin shara mai murfi. Amma da wane baki za ka je ka yi ƙorafi alhali tagar ɗakinku ce ta fi kowace tarin ƙanzo a ƙasanta? Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mu fara share namu, sannan muryarmu ta yi nauyi.

Na uku: "Ƙaddara ce, abin da zai faru sai ya faru." Babu mai musun ƙaddara a cikinmu. Amma kai da ka faɗi haka, ka kulle ɗakinka da kwaɗo biyu kafin ka tafi, ka sa wa wayarka lambar sirri, ka yi karatu kafin jarrabawa. Me ya sa sai a kan abin da kasala ta hana ka yi ne kake tuno da ƙaddara? Kar mu riƙa fakewa da kalma mai girma don mu rufe ƙaramin lalaci.

Ga shugabannin ƙungiyoyinmu na ɗaliban jihohi da na Arewa baki ɗaya, ku ma ga naku. Kun iya shirya ranar al'ada, kun iya buga kalanda da hotunanku. To ku ƙara da wannan: kafin kowane hutu a rubuta motoci da baburan 'yan uwa da za a bari, a san wa ke riƙe da makullin kowace, a naɗa mutum biyu cikin masu zama su riƙa zagayawa. Motar ƙungiya a rubuta sunan mai kula da ita, in ta lalace ta hanyar sakaci a tambaye shi a gaban kowa. A ware Asabar ɗaya a wata a yi gayya a share bayan hostal da harabar masallaci, a gayyaci maƙwabta 'yan Kudu su ma su fito, domin ɓeran na kowa ne. Sababbin ɗalibai kuma, ranar da ake musu maraba, a gaya musu maganar Lassa da yadda ake ajiye abinci a bokiti mai murfi. Wannan ya fi musu amfani da dogon jawabin babban baƙo.

Hutu na tafe. Kafin ka sayi tikitin mota, je ka buɗe but ɗinka ka ga abin da ke ciki. Ka tura wa duk wanda ka san yana da mota ko babur ko janareto a makarantarku. Wanda kuma yake ganin na yi tsauri, filin sharhi na nan a buɗe, amma ya fara leƙa bayan tagar ɗakinsu kafin ya rubuto.

Allah ya kai mu gida lafiya, ya dawo da mu lafiya.